Motar Auta

Shagon Mai Walda a jikin gidansu yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin ƙaninsa Auta. Ya haura shekara ashirin yana ƙona ƙarfe a wannan shago, kuma da wuya ka samu ƙofa ko taga ko gadon ƙarfe a layin da ba hannunsa ne ya yi ba. Mutum ne mara yawan magana, idanunsa kullum jawur saboda hasken wuta, gaban rigarsa duk ƙananan huji inda tartsatsi ya ci. Shaidar da aka yi masa ɗaya ce: in ya liƙe ƙarfe, to ya liƙu.

Auta kuwa haya yake yi da babur. Shekara goma sha huɗu ke tsakaninsu, kuma tun rasuwar mahaifinsu a hannun yayan nasa ya girma. Shi mai barkwanci ne, ga kunne; babur zai wuce a guje ya gaya maka abin da ke damun injinsa tun bai sha kwana ba.

Wata Talata da hantsi Auta ya turo babur ɗinsa bakin shago, ya nuna wa yayansa wata tsaga siririya kamar gashi a wuyan babur, daidai inda ƙarfen jiki ya riƙe ƙafar gaba.

"Yaya, ɗan ɗiga mini wuta a nan. Fasinja na jirana."

Ranar kuwa Mai Walda na fama da wata ƙatuwar ƙofa da aka matsa masa ya gama kafin azahar, ga wutar lantarki ta yi ƙasa, injin walda sai gurnani yake ba ƙarfi. Gyaran tsagar kuwa aiki ne da ya kamata a sauke tanki, a goge tsagar har cikinta, a cika ta a hankali. Bai yi haka ba. Ya ɗora wuta sama-sama, da ya ɗage gilashin fuskarsa ya ga waldar ba ta ratsa ba, ta dai zauna a bisa ƙarfen kamar kashin tsuntsu. Da idonsa ya gani. Ya ce a ransa ran Lahadi zai kwance ya sake, sannan ya shafa baƙin fenti a kai.

"Ta kama?" in ji Auta.

"Ta kama. Je ka."

Ba a kai Lahadin ba. Ran Juma'a a gangaren gada wuyan babur ya ɓalle, Auta ya faɗi tsakiyar titi, wata babbar mota ta bi ta kan ƙafarsa ta dama. A asibiti likitoci suka yi iya yinsu, daga bisani suka yanke ta a saman gwiwa.

Kowa ramin titi ya ɗora wa laifi, don akwai rami a wurin. Mai Faci, maƙwabcin shagonsa kuma abokinsa tun ƙuruciya, shi ya taya Mai Walda ɗauko gawar babur ɗin a amalanke. Bayan ya tafi, Mai Walda ya tsugunna ya duba. Ƙarfen ya rabu ne daidai tsakiyar waldarsa, cikin tsagar fes, wuta ba ta taɓa shi ba. Ya daɗe a tsugunne. Sannan ya ɗauki zarto ya yanke guntun wurin, ya tura shi ƙasan durom ɗin da yake tara tarkace. Injin kuwa ko ƙwarzanen kirki bai yi ba, ya lulluɓe shi da buhu ya tura kusurwa.

Da aka sallamo Auta sai ya shiga ɗaki ya rufe bakinsa. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin layi ya koma sai a tambaye shi abu uku ya amsa ɗaya. Sandunan da asibiti suka ba shi na jingine a bango, ƙura ta hau su. Matarsa ta shiga da abinci ta fito da shi kusan yadda yake. Mahaifiyarsu, Inna, ta rame a zaune. Abokan sana'arsa suka yi ta zuwa gaisuwa a makonnin farko, sannan ƙafa ta ɗauke, don kowa da bakin da yake ciyarwa.

Ranar komawa ganin likita aka ɗauko motar haya. Motar ba ta iya shiga lungunsu ba, sai Mai Walda da Mai Faci suka ɗauko Auta a hannu har bakin titi, mutane na ta yi musu sannu. Auta ya rufe fuskarsa da hula. Da suka dawo suka ajiye shi a bakin gado, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Kada a ƙara fita da ni kamar buhun gawayi. Gara a bar ni a nan."

Da yammacin ranar Mai Walda ya share tsakiyar shago, ya ɗauki alli ya fara zane a siminti. Ya fita ya auna faɗin lungu da tef, ya dawo ya goge, ya sake zanawa. Mai Faci ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Kabarin wa kake aunawa?"

"Mota zan haɗa."

"Mota? Da wane injin?"

Mai Walda ya nuna buhun da ke kusurwa da haɓa. Mai Faci ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da ita ciki.

Daga ranar, da zarar ya sallami aikin mutane da la'asar sai ya koma kan nasa. Ya yanka bututun ƙarfe ya haɗa ƙashin motar, mai kujera biyu a gaba da ɗan wurin kaya a baya. Ya zaga wurin 'yan gwangwan ya samo sitiyarin wata tsohuwar ƙaramar mota da fitilu biyu da ba su yi kama da juna ba. Mai Faci ya kawo tayoyi huɗu na babur mai ƙafa uku, ya ce kyauta ce amma kada a gaya wa matarsa. Abin da ya fi cin lokaci shi ne mayar da komai hannu, tunda ƙafar birki ce aka yanke: totur da kuloci a jikin sitiyari, birki da giya a sanduna biyu gefen kujera, maɓallin tayarwa a gaba don kada a nemi a buga inji da ƙafa.

Kowace walda ya yi, sai ya bari ta huce ya ɗauki guduma ya yi ta dukanta. In ya ji ƙarar ba ta yi masa ba, ya goge ya sake, wani wurin har sau uku.

"Kai, wannan ko jirgin sama ne ai ya isa haka," in ji Mai Faci wata rana. "Ƙarfen nan bai yi maka laifin komai ba."

Mai Walda ya ƙara ɗaga guduma.

Mutanen layi suka samu abin magana. Wasu suka ce ɗan'uwa rabin jiki, wasu suka ce tausayi ya taɓa masa kai. Inna kan aiko masa da ruwa, wani lokaci ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa tana sa masa albarka. Wannan albarkar ita ta fi komai yi masa nauyi. In ta ce, "Allah ya ba ka masu yi maka, Babba," sai ya sauke gilashin walda a fuskarsa ko da babu abin da zai liƙa.

Wata na uku aka ɗora inji a bayan kujeru, aka ja sarƙa zuwa sandar tayoyin baya. Mai Walda ya danna maɓalli. Injin ya yi tari biyu ya kama, ƙararsa ta cika shagon ta ratsa bango. A tsakar gida matar Auta ta saki kwanon da ke hannunta, don rabon gidan da wannan ƙara tun safiyar Juma'ar nan.

Amma tashin inji daban, tafiya daban. Da ya sa giya motar ta yi taku goma tana nishi ta mutu. Aka sake, sarƙa ta zame. Aka gyara, injin ya yi zafi har yana wari. Mai Walda ƙarfe ya sani, cikin inji ba gonarsa ba ce. Kwana huɗu yana murɗa wannan yana sassauta wancan, injin na kuka kamar ana yanka shi.

A rana ta biyar matar Auta ta leƙo shagon tana murza gefen mayafinta.

"Yaya, wai ƙaninka ya ce a gaya maka mai ya yi yawa. Ka rage a kafireto."

Ya rage. Can ta sake dawowa.

"Wai ya ce ba wannan sukurun ba, na ƙasan."

Sau huɗu tana kai da kawowa. A na biyar ba ita ta zo ba. Mai Walda na sunkuye a kan inji ya ji ƙwas, ƙwas a bayansa. Ya juya ya ga Auta a bakin ƙofa, rataye a kan sanduna, gumi ya jiƙa masa riga, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da fil.

"Kashe shi," in ji Auta. "Za ka kashe mini inji. Ba ni kujera."

Aka kawo benci ya zauna, ya miƙa hannu aka sa masa sukundireba. Bai dubi motar ba sai da ya gama da kafireto. Sannan ya bi ta da kallo tun daga gaba har baya.

"Wannan injin mutum biyu ya saba ɗauka, ka ɗora masa gida guda. Haƙorin sarƙa na baya ya yi ƙanƙanta, a samo babba, gudu zai ragu amma zai ja. Kuma ka kulle shi a akwati, ta ina zai sha iska? Huda nan da nan, a sa masa fanka." Ya ƙwanƙwasa rufin. "Wannan kuma cire shi, tanti ya isa. Motar yaƙi kake yi?"

Mai Faci ya fashe da dariya, har Auta ma gefen bakinsa ya motsa.

Tun daga nan kullum da la'asar Auta na kan bencin nan. Ya fara cin abinci a shago da hannu baƙi ƙirin. Ya fara zagin fulogi, yana yi wa Mai Faci tsiya a kan tayoyinsa. Inna ta ce rai ya dawo gidan. Shi kuwa Mai Walda, ƙaninsa na murmurewa shi yana ramewa. Duk lokacin da Auta ya ce "Yaya, miƙo mini sufana," sai ya miƙa masa idonsa a ƙasa.

Aka gama mota wata Asabar. Aka yi mata shuɗin fenti, wani tela ya ɗinka tanti da rigar kujeru. Washegari da safe za a fitar da ita, Auta ne zai tuƙa. Mai Faci ya tafi sayo mai, ya bar su su biyu. Auta ya ajiye sanduna ya kama ƙofar motar zai shiga ya gwada zama.

"Dakata," in ji Mai Walda. "Kafin ka hau abin da na liƙa, akwai maganar da za ka ji."

Ya gaya masa duka, a tsaye, idonsa a ƙasa. Ƙofar da ake jira, wutar da ta yi ƙasa, waldar da ya gani ba ta ratsa ba, fentin da ya shafa. Bai ce ƙaddara ba, bai ambaci rami ba.

"Ka tambaye ni ko ta kama, na ce ta kama. Na san ba ta kama ba."

Auta ya daɗe riƙe da ƙofar. Sannan ya saki, ya laluba sandunansa, ya gyara su a hammata.

"Wata bakwai," ya ce. "Wata bakwai ina kwance ina tsine wa rami."

Ya fita. Ƙarar sandunan ta bi bango har ta shige ɗaki, aka rufe ƙofa.

Ba a fitar da mota ran Lahadi ba. Mai Walda ya rufe ta da tamfol, wanda duk ya tambaya sai ya ce akwai sauran gyara. Da kansa ya je ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata, don kada ta ji a wani bakin. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Ashe shi ya sa ba ka amsa amin." Sai da ta kwana biyu sannan ta shiga ɗakin Auta, Mai Walda na jin su ta bango.

"Ɗan'uwanka ne, Auta. Shi ya goya ka. Ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke..."

Ta katse maganar, don ta ji abin da bakinta ya ɗauko.

"Ƙarasa mana, Inna," in ji Auta. "Tawa ai an yanke an yar."

Daga nan Mai Walda bai ƙara jin komai ba sai shesshekar tsohuwa.

Kwana goma sha ɗaya Auta bai fito ba. Mai Walda ya ci gaba da ƙofofin mutane da tagoginsu, in ya shiga gida ya bi ta gefen bango kamar baƙo. Mai Faci da ya ji labarin sai ya daina barkwanci, ya riƙa zuwa yana zama kusa da shi.

A rana ta goma sha biyu da safe Auta ya shigo shagon. Bai yi gaisuwa ba.

"Ina wurin da ya karye? Na duba gawar babur ɗin tuntuni na ga an yanke shi."

Mai Walda ya kifar da durom ɗin tarkace, ya tona har ya samo guntun, ya yi tsatsa. Auta ya karɓa ya juya shi, ya bi tsagar da babban yatsa.

"Ran Alhamis da yamma na ji kan babur ɗin yana rawa," ya ce. "Na san daga ina ne. Na ce bari in ƙarasa mako, aiki na tafiya. Da na dawo maka da shi, da ka gyara." Ya ɗaga kai ya dubi yayansa ido cikin ido. "Ban faɗa don in wanke ka ba. Ni na yi ganganci da raina, kai kuma ka yi mini ƙarya. Ba ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Mai Walda.

Auta ya sa guntun a aljihu. Ya ce a yaye tamfol, a kawo tabarma. Ya kwanta ya ja jiki ƙarƙashin motar da fitilar hannu, ya bi kowace gaɓa yana dubawa yana taɓawa, tun hantsi har rana ta take. Mai Walda na tsaye, bai zauna ba. Da Auta ya fito ya nuna wuri ɗaya kusa da birki ya ce bai yarda da shi ba. Mai Walda ya san wurin lafiyarsa ƙalau, amma ya goge ya sake a gabansa.

Sannan Auta ya shiga ya zauna, ya jera sandunansa a baya, ya danna maɓalli. Mai Walda ya matsa ya buɗe masa ƙyamaren shago duka biyu. Kujerar gefe babu kowa, Auta bai ce ya shigo ba, shi ma bai nema ba. Motar ta gangara bakin titi a hankali, tana ƙara irin ta babur, mutane suka fito daga shaguna suna kallo. Ta kai ƙarshen layi ta sha kwana ta ɓace. Mai Walda ya tsaya a rana yana sauraron injin har ya daina jin sa, bai motsa ba sai da ya sake jiyo shi yana dawowa ta ɗaya ɓangaren.

Motar ba ta gudu, ba ta kuma hawa babban titi, amma ta ciyar da gida. Auta ya riƙa ɗaukar wa masu shagunan unguwa kaya daga kasuwa, yana kai Inna asibiti da kansa. Dariyarsa ta dawo, sai dai ba ta cika shiga shagon walda ba. Tsakaninsa da yayansa magana ta koma ta aiki. Bai taɓa cewa ya yafe ba, Mai Walda kuma bai taɓa tambaya ba.

Bayan damina wani malamin makaranta ya zo shagon a keken guragu, matarsa na tura shi. Ya ce tun yana ƙarami ƙafafunsa suka shanye, makarantar da yake koyarwa kuma a kan tudu take, kullum sai ya nemi mai tura shi. Ya ga motar Auta a hanya, ya bi tambaya har aka nuna masa nan. Yana da wani tsohon babur na ƙaninsa, ko za a haɗa masa irinta?

Mai Walda ya juya ya dubi Auta, wanda ke zaune a benci yana wanke fulogi da fetur. Auta ya ci gaba da wankinsa har ya gama, ya hura fulogin, ya ajiye.

"Tudun nan, malam, ya kai na bayan kasuwa tsayi?"

"Ya fi shi kaɗan."

"To sai an ji injin tukuna. A kawo shi gobe in saurara." Ya goge hannunsa a tsumma. "In ya yi, Yaya zai haɗa ƙarfen, ni in duba. Ɗaga hannunka mu gani, malam, wanne ya fi ƙarfi? A nan za a sa birki."

Malamin ya ɗaga na hagu. Mai Walda ya ɗauko tef ya durƙusa gefen keken, ya fara auna daga kafaɗa zuwa tafin hannu, Auta na rubuta lambobin a bango da alli.